Daga Bakin Aku Zuwa Takardar BAC: Ina Ɗalibi Zai Koyi Kafa Hujja?

Duk malamin da ya taɓa zaman gyaran takardun Faransanci na jarrabawar BAC ya san wata irin gajiya wadda ba yawan takardu ke kawo ta ba, wato gajiyar karanta abu guda sau ɗari. An ba ɗalibai jigo, a ce ko adabi yana iya gyara halin al'umma, sai kusan kowace takarda ta buɗe da cewa tun da aka halicci duniya ɗan Adam yake tunani a kan wannan batu. Sashe na farko ya ce i, sashe na biyu ya ce a'a, kammalawa kuma ta ce kowane ɓangare da tasa gaskiyar. A tsakani an jera sunayen Senghor da Sartre da Victor Hugo kamar tulunan ado a ɗakin amarya, ba wanda aka ɗebi ruwa a cikinsa. In aka rufe takardar aka tambaya mene ne wannan yaro yake ganin gaskiya, kuma don me, ba za a sami amsa ba.

Abin mamaki shi ne, wannan yaron da kansa, in aka same shi da dare a fada, ana dafa shayi ana gardamar wace jiha za ta ɗauki takobin kokowa bana, ko ana cacar baki a kan tsadar kayan aure, sai a ga wani mutum dabam. Yana kawo misali, yana kama abokinsa da maganar da ya faɗa ɗazu, yana yarda da rabin zance domin ya rushe sauran rabin. Ashe basirar gardama tana nan. Abin da ya ɓace tsakanin tabarmar fada da teburin aji shi ne ya kamata malamai da ƙungiyoyin raya al'adu su nema.

Kwandon da aka gada

Rubutun muhawara da ake kira disertasiyo ya zo Nijar ne tare da makarantar Faransa, kuma yana da nasa tarihi. A Faransa, har ƙarshen ƙarni na 19, akwai aji guda a lise da ake kira ajin balaga, inda ɗalibi yake nazarin jawaban magabata na Girka da Rum, sa'an nan ya rubuta jawabi a bakin wani sarki ko jarumi. A hankali disertasiyo ta maye gurbin wannan aiki, kuma a gyaran tsarin karatu na 1902 aka soke sunan ajin balaga. Abin da ya iso makarantun Afirka ta Yamma shi ne tsarin da ya rage: shimfiɗa, gundarin bayani mai sassa biyu ko uku, da kammalawa.

Ba laifin tsarin ba ne a kan kansa. Yana tilasta wa mai rubutu ya warware kalmomin jigo, ya gano tambayar da ke ɓoye cikinsa, ya kuma saurari abokin hamayya kafin ya yanke hukunci. Waɗannan tarbiyya ce ta hankali mai daraja. Matsalar tana ga yadda ake miƙa shi. Ana ba yaro kwando tun bai san abin da zai zuba ba, ana sa shi haddar jimlolin shiga da na fita, da jerin kalmomin haɗi irin su «amma», «saboda haka», «bugu da ƙari», cikin harshen da bai gama mallaka ba. Sai ya ɗauka kalmar «saboda haka» ita ce hujja, alhali ita alama ce kawai ta cewa hujja ta gabata. Da yawa daga cikin takardun da ke faɗuwa ba kuskuren nahawu ne ya kashe su ba, rashin abin karewa ne.

Wanda bai taɓa kwance magana ya ga yadda aka ɗinka ta ba, da wuya ya ɗinka tasa. Don haka nazarin zancen wasu ya kamata ya riga rubuta na kai, kuma ya fi sauƙi a fara shi da zancen da kunnen yaro ya saba da shi. A nan ne wani littafi da aka daɗe ana ɗauka na nishaɗi kurum yake da abin cewa.

Darasin aku

Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911 ya rasu a 1981, ya rubuta Magana Jari Ce a Zariya, aka buga littattafan uku tsakanin 1937 da 1939. Labaran sun haura 80, kuma ya tsamo da yawansu daga taskokin Larabawa da Indiya da Farisa da Turai, ya sa musu rigar Hausa. An saba karanta su ɗaya ɗaya, a yi dariya a wuce. Amma in aka dubi zaren da ya ɗaure su, za a ga littafin tun daga sunansa har ƙarshensa a kan abu guda yake, wato yadda magana take aiki a zuciyar mai saurare.

A littafi na farko, Sarki Abdurrahman ya fita yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida, Waziri kuwa yana ƙulla makircin da zai fitar da yaron daga fada domin a halaka shi. Musa ya ƙudura sai ya bi Mahmudu fagen fama. Matar aku ta gaya masa gaskiya kai tsaye, ta hana shi, ya fusata ya kashe ta. Aku yana da ra'ayi ɗaya da matarsa, amma ya ga abin da ya same ta. Sai ya nuna wa Musa yana tare da shi, ya yabi niyyarsa, sa'an nan ya jefo wata ƴar magana da za ta sa yaron ya tambayi labarinta. Kafin labari ya ƙare gari ya waye, fita ta faskara. Haka aka yi ta yi dare bayan dare har Sarki ya komo.

Malamin da ya sa wannan wuri gaban ƴan aji ya sami darasin farko na nazarin zance ba tare da ya ambaci kalmar fasaha ko ɗaya ba. Tsuntsaye biyu, manufa ɗaya, sakamako biyu: me ya raba su? Yara da kansu za su gano cewa matar ta dubi gaskiyar da ke bakinta, aku kuwa ya dubi wanda ke gabansa, yaro ɗan sarauta mai zafin kai wanda ba ya son a ce masa kul. Daga nan tambayoyin da ake yi wa kowane matani suke fitowa: wa ke magana, wa yake gaya wa, me yake so ya samu, me ya sa ya fara da wannan ya jinkirta wancan, mene ne ya ƙi faɗa?

Aristotal, a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, ya kasa hanyoyin shawo kan mai saurare gida uku: amincin da mai magana yake samu a idon jama'a, motsa zuciyar mai saurare, da ƙarfin dalilin da ke cikin maganar kanta. Ɗalibin da ya riga ya ga aku yana sayen amincewar Musa, yana kuma wasa da son jin labarinsa, in aka kawo masa wannan rabe-rabe sai ya zama suna ne kawai ake raɗa wa abin da ya sani. Haka kuma zancen ba baƙo ba ne ga zaurukan malamai na Damagaram da Tawa da Maraɗi, inda masu karatun balaga a littattafai irin su Jauharul Maknun na Al-Akhdari suka san cewa sharaɗin magana mai balaga shi ne ta dace da halin da ake ciki. Littafi na biyu, inda aku yake gasar labari da Haziƙ, akun Sarkin Sirika, yana nuna yadda ake mayar da martani da misali a kan misali. Na uku kuwa, inda yake horon ɗansa Fasih, makarantar magana ce a fili.

Inda aku ya gaza

Sai dai son littafin bai kamata ya rufe ido ga iyakarsa ba. Aku bai taɓa gamsar da Musa cewa fita kuskure ce ba. Shagaltar da shi ya yi. Kowace safiya yaron yana nan da ra'ayinsa na jiya, an dai cinye masa dare. Da Waziri ne ya mallaki aku mai irin wannan baki, da dabarar nan ita ce za ta kai Musa ga halaka. Fasahar ba ta bambance mai gaskiya da maƙaryaci. Sa'a ce aka yi ta faɗa hannun mai amana. Daga cikin hanyoyi ukun nan, Magana Jari Ce ta ƙware a biyu na farko, ta yi sakaci da ta uku. Labari yana haskaka magana, amma ba ya tabbatar da ita, domin duk labarin da ya nuna haƙuri ya yi rana, akwai wani da zai nuna ya jawo asara.

Wannan rauni shi ne kuma na karin magana, wadda ɗalibai suke son rufe sakin layi da ita. A zaman manya, in dattijo ya jefo karin magana, yawanci zance ya ƙare ke nan, ba don an warware shi ba, sai don ba mai son a ce ya yi jayayya da magabata. Akwai wani gwaji mai sauƙi da yake buɗe wa yara ido. A rubuta a allo: «Sannu ba ta hana zuwa.» A ƙarƙashinta a rubuta: «A bari ya huce shi ke kawo rabon wani.» Dukansu na kakanni ne, dukansu gaskiya ne, kuma kowace tana ƙaryata ƴar'uwarta. To, manomin da ruwan farko ya sauka a gonarsa a farkon watan Yuni, yana shawarar ya shuka hatsi yanzu ko ya jira ruwa na biyu, wacce zai bi? Ba ɗayarsu da za ta amsa masa. Sai ya duba zurfin laimar ƙasa, da yawan irin da ke rumbunsa in shukar farko ta ƙone, da abin da ya faru a shekarun baya. A daidai wannan wuri ne yaro yake gane cewa karin magana da'awa ce mai jiran dalili, kuma aikin mai rubutu shi ne ya faɗi a wane hali take gaskiya, a wane hali take ɓatarwa. Abin da disertasiyo take nema ke nan a sashenta na uku, wanda ɗalibai suka mayar da shi wurin raba gardama da «wataƙila».

Wasiƙun Bello da Alkanemi

In ana neman misalin gardama a rubuce, wadda kowane ɓangare yake kafa dalili yana kuma amsa na abokinsa, ba sai an tafi nesa ba. Bayan da mayaƙan jihadi suka ci Birnin Gazargamu a 1808, Shehu Muhammadu Al-Amin Alkanemi na Barno ya yi musayar wasiƙu da shugabannin Sakkwato, kuma Muhammadu Bello ya adana wani ɓangare nasu a littafinsa Infaƙul Maisuri na 1812, wanda aka rubuta da Larabci aka kuma fassara da Hausa daga baya.

Ginin gardamar abin koyi ne. Alkanemi ya tambayi dalilin da ya halatta yaƙar mutanen Barno. Ya jero abubuwan da ake zarginsu da su, kamar yanka a wasu wurare, da fitar mata ba lulluɓi, da cin hanci, da cin dukiyar marayu. Bai musa aukuwarsu ba. Ya karɓa, sa'an nan ya ce waɗannan saɓo ne, saɓo kuwa ba ya fitar da mutum daga addini, kuma ana samun irinsu a wasu ƙasashen Musulmi har da Masar, ba wanda ya ce a yaƙe su. Bello a nasa ɓangaren ya ja gardamar zuwa wani fili: ya ce tushen rikicin shi ne taimakon da sarautar Barno ta ba sarakunan Hausa a kan jama'ar Shehu, ya kuma yi jayayya a kan matsayin yankan da Alkanemi ya kira saɓo kawai.

Ba aikin aji ba ne ya yanke hukuncin wanda ya fi gaskiya a wannan tsohuwar shari'a. Abin lura shi ne dabarun: yarda da abin da ba ya musuwa, rarrabe kalmomi biyu da aka cakuɗa, kawo misalin da zai nuna ƙa'idar abokin hamayya ta yi faɗi da yawa, da sauya tambayar in an ga an ɗora ta a gurbin da bai dace ba. Akwai kuma darasin ɗa'a, domin Bello ya kawo maganar abokin gardamarsa a cikin littafinsa na kansa, ya bar mai karatu ya ji ta da ƙarfinta kafin ya amsa. Ɗalibin da ya saba ƙirƙiro wa abokin hamayya hujja maras ƙafa don ya ji daɗin tunkuɗe ta, yana da abin koyo a nan. Ga ƴan makarantar kudancin Nijar kuwa matanin yana da wani nauyi na musamman. Damagaram ta daɗe tana bin Barno, sarautar Katsina da jihadi ya kora ta zauna a Maraɗi, ta Gobir kuma a Tsibiri. A aji guda ana iya samun jikokin kowane ɓangare. In suka iya auna waɗannan wasiƙu da hankali ba tare da kowa ya kare kakansa ido rufe ba, sun koyi abin da ya fi makin jarrabawa.

Daga nan hanya ta miƙe zuwa matanin Faransanci. Yaron da ya ga yadda Alkanemi yake karɓar zargi don ya juya shi, zai gane abin da Aimé Césaire yake yi a Discours sur le colonialisme, wanda ya fara fitowa a 1950, sa'ad da yake ɗauko kalaman masu kare mulkin mallaka, irin su Renan, ya shimfiɗa su domin su zama shaida a kan masu su. Zai kuma iya kwance jawabin da Grande Royale ta yi wa mutanen Diallobé a L'Aventure ambiguë na Cheikh Hamidou Kane, na 1961, inda take kiransu su kai ƴaƴansu makarantar da ita kanta ba ta so, ya ga yadda amincewa da hasarar da za a yi take ƙara wa maganarta ƙarfi.

Abin da za a ce, da amsarsa

Akwai masu cewa da Faransanci ake rubuta jarrabawa, saboda haka duk sa'ar da aka ɓata a kan Hausa an rage ta ne daga harshen da yaro ya fi rauni a kai. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, musamman a ajin da ɗalibai suka yi yawa har malami ba ya iya gyara rubutu fiye da ƴan kaɗan a zango. Amma wahala biyu ce ake ɗora wa yaro lokaci guda, ta harshe da ta tunani, kuma raba su yana sauƙaƙa kowace. Wanda ya iya faɗin matsayinsa da dalilai biyu da Hausa cikin minti ɗaya, abin da ya rage masa neman kalmomi ne. Wanda bai iya ba, ko an ba shi ƙamus sai dai ya cika takarda da iska. Ƙasar nan ba baƙuwar wannan tunani ba ce: tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a Damagaram, dokar tsarin ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi a koyarwa, kuma kundin da aka ƙaddamar a 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Harshen da aka ba wannan matsayi dole a koyi rubuta hujja da shi, ba tatsuniya da waƙa kaɗai ba.

Wasu kuma suna tsoron cewa koya wa yara tuhumar karin magana zai koya musu raina manya. Amsar tana cikin wasiƙun da aka ambata. Malamai ne masu girmama juna da girmama littafi, duk da haka ba wanda ya ce wa ɗan'uwansa ya yi shiru don shi babba ne. Neman dalili da ladabi tsohuwar al'ada ce ta zauren karatu.

A aikace, abin da ake bukata bai fi ƙarfin kowace makaranta ba. Kafin a nemi cikakkiyar disertasiyo, a daɗe a kan sakin layi guda: da'awa ɗaya, dalilinta, misali takamaimai, da amsar suka mafi ƙarfi da za a iya yi mata. A sa ɗalibi ya faɗi ra'ayin abokinsa har abokin ya yarda cewa haka yake nufi, kafin a ba shi izinin rushe shi. A hana ambaton sunan marubuci sai an faɗi abin da ya ce da yadda ya shafi jigo. A riƙa kawo zance mai rai cikin aji, kamar tallar magani a rediyo, ko kirarin ɗan kokowa, ko roƙon maroƙi a gidan biki, a tambayi wace igiya ake ja a zuciyar mai ji. Ƙungiyoyin al'adu da gidajen matasa, waɗanda suka saba shirya wasan kwaikwayo da gasar waƙa, suna iya ƙara gasar muhawara da Hausa, inda ƙuri'a ce za ta zaɓa wa kowane ɓangare matsayin da zai kare, alƙalai kuma su ba da maki a kan dalili da amsa suka, ba a kan daɗin baki ba.

Yawancin waɗannan yara ba za su sake rubuta disertasiyo ba bayan sun bar lise. Amma kullum za a yi ta yi musu magana: ɗan siyasa, da mai talla, da mai wa'azi, da muryar da ba a san mai ita ba wadda take yawo a WhatsApp daga waya zuwa waya. A cikinsu akwai aku mai amana, akwai kuma ɗan saƙon Waziri, kuma dukansu sun iya baki. Musa ya tsira ne domin wanda ya fi iya magana a fadar ubansa mai ƙaunarsa ne. Makaranta ba ta da ikon yi wa ɗalibanta alkawarin irin wannan sa'a, don haka abin da ya rage mata shi ne ta koya musu su tsayar da mai magana, kowane ne shi, su tambaye shi dalilinsa, su kuma iya rubuta nasu a fili yadda wani zai iya auna shi.